Kalar da ake shafa wa bidiyonmu ta fara sauya mana kamanni



Tun bayan taronmu na Sallar da ta wuce nake son yin wannan rubutu, ina ta ɗagawa don kada a ce sakatare ya sa wa yaranmu masu ɗaukar bidiyo ido. Abin da ya faru makon jiya ne ya sa na ga shirun ya isa haka.

Iyalan ɗaya daga cikin dattawanmu da ya rasu kwanan baya, Allah Ya jiƙansa da rahama, sun aiko a ba su bidiyon jawabin da ya yi a wajen taron, domin shi ne ɗauka ta ƙarshe da aka yi masa yana magana. Na kunna wa babbar 'yarsa a kwamfutar ofis. Duk wanda ya san marigayin ya san baƙin mutum ne mai kwarjini, kuma ranar shuɗiyar babbar riga ya sa da farin rawani. A bidiyon fuskarsa ta koma ruwan lemo kamar an shafa masa manja, rigar ta koma kore-kore, rawanin kuwa ya ƙone da haske har ba a ganin naɗinsa. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Kawu, ai wannan ba kalar Baba ba ce."

Na kira yaron da ya yi mana aikin, na ce ya kawo asalin ɗaukar kafin a taɓa kalarta. Ya ce ya goge katin tun tuni, ya ɗauki wani biki a kai. Abin da ya rage a hannunmu ke nan.

Ba zan kama sunansa ba, domin yaro ne mai ƙoƙari, kuma abin da ya yi shi kusan kowa ke yi yanzu, daga Agege har Mile 12. Sai da na zauna da shi da wasu abokan sana'arsa, na kuma yi nawa karance-karancen, kafin na gane inda gizo ke saƙar.

Abin da suke amfani da shi suna kiransa firiset, wani nau'insa kuma lut. Wani ɗan fayil ne da ake saukewa daga intanet, wani kyauta wani na kuɗi, a ɗora shi kan bidiyo a CapCut ko Premiere Pro ko DaVinci Resolve, nan take kalar hoton gaba ɗaya ta sauya. Shi lut jadawali ne kawai: duk inda ka ga kala kaza, mayar da ita kala kaza. Ba ya ganin fuska, bai san rawani ba, bai san ko da rana aka yi ɗaukar ko da dare ba. Kamar tela ne da ya yanka riga a kan awon mutum ɗaya, sannan ya ce kowa a gari ya zo ya sa.

Kada a fahimce ni a baibai, lut yana da wurin da ba makawa sai da shi. Manyan kamarori suna da wani salon ɗauka da ake kira log: Sony na da S-Log, Canon na da C-Log, Panasonic na da V-Log, har iPhone 15 Pro da ta fito a 2023 ta zo da nata. Bidiyon da aka ɗauka a log yakan fito dishi-dishi kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Da gangan kamarar ke yin haka, don ta adana abin da ke cikin wuri mai tsananin haske da wuri mai duhu a lokaci guda. Irin wannan ɗaukar dole a ɗora mata lut ɗin da zai dawo da ita ma'aunin kala na talabijin, wanda ake kira Rec.709, kuma kamfanonin kamarorin da kansu suke bayar da shi kyauta. Wannan gyara ne, ba ni da ja a kansa.

Matsalar tana farawa ne idan yaro ya ɗauki bidiyo a salon yau da kullum, wanda kalarsa ta riga ta nuna, sannan ya ɗora masa lut ɗin da aka yi don log. Ya zuba gishiri a miyar da aka riga aka sa wa gishiri ke nan. Baƙi ya ƙara baƙi har fuska ta nutse, fari ya ƙone. Haka aka yi wa rawanin marigayi.

Sai kuma firiset na ado, waɗanda ake tallar su da cewa za su mayar da bidiyonka kamar fim ɗin Amurka. Mafi yawansu salo ɗaya suke bi: a tura inuwa zuwa shuɗi mai kore-kore, a tura fata zuwa ruwan lemo, don mutum ya fito daga bayan hoton. A kan farar fata, cikin fitilun da aka tsara a wajen ɗaukar fim, abin yana yin kyau. Amma baƙar fuska a ƙarƙashin rumfa ita kanta tana cikin ɓangaren duhu na hoton, don haka firiset ɗin yakan ɗauke ta a matsayin inuwa ya shafa mata shuɗi, ko ya kama goshi da kumatu ya mayar da su lemo ya bar sauran toka-toka. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya da kala biyu a fuska.

Wannan ba yau ya fara ba. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton baturiya, da shi ake saita kalar inji. In fatarta ta fito daidai, an gama saiti. Sai da masu sayar da kayan katako da masu cakulan suka yi ƙorafi cewa ba a bambance ruwan ƙasa mai duhu da mai haske a hotunan tallarsu, sannan aka fara gyara, kuma katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban bai fito ba sai tsakiyar shekarun 1990. Ko a 2021 sai da Google ya fito da wani tsari mai suna Real Tone a wayar Pixel 6, musamman don kamara ta riƙa fitar da baƙar fata yadda take. Kamfanonin da ke ƙera kayan sun yarda akwai gyara, mu kuma muna sauke firiset ɗin da wani ya haɗa a kan fatarsa da hasken garinsu muna shafa wa iyayenmu.

Taronmu kuwa yana cikin mafi wuyar ɗauka, wannan dole a yi wa yaran adalci. Fararen kaya ne birjik, fuskoki baƙaƙe, rana tsaka, ga rumfunan haya na Legas masu ja da shuɗi da ke zubo wa mutane kalarsu a fuska. In a ɗakin taro ne, hasken taga daban, na ƙwan lantarki daban, ga fitilar da mai kamara ya ɗora. Hasken rana yana wajen 5600 a ma'aunin Kelbin, tsohon ƙwai mai ja-ja yana wajen 3200. Idan ba a nuna wa kamara farar takarda an saita mata fari tun kafin a fara ba, babu firiset ɗin da zai ceci hoton daga baya, sai dai ya ƙara ɓata shi. Aikin minti ɗaya ne, amma ban taɓa ganin an yi shi a taronmu ba.

Akwai kuma iyakar abin da bidiyon zai iya ɗauka. Yawancin wayoyi da ƙananan kamarori bit 8 suke ɗauka, wato mataki 256 ga kowace kala, masu bit 10 kuma mataki 1024. In ka ja kalar bit 8 da ƙarfi sai ta tsage, ka ga bango ko sararin sama ya yi layi-layi. Daga nan a tura ta WhatsApp ya sake matse ta. Kafin ta isa Kano ko Zinder wajen dangi, fuska ta zama dabbare-dabbare.

Da na gaya wa yaron duk wannan, amsar da ya ba ni ta fi tsaya mini a rai. Ya ce, "Yallaɓai, in na kai wa amarya kalarta ta gaskiya, sai ta ce ban iya aiki ba. Wanda ya haska ta shi za a kira gobe." Na san gaskiya ya faɗa. Mu ne muke biya, mu ne kuma muke yaba wanda ya fi faranta mu. Muna wa'azi a kan man bilicin, amma muna biyan kuɗi a yi mana shi a kwamfuta, har da maza masu gemu. Amarya da kuɗinta, in ta ce haka take so, ba ni da ikon hana ta, ko da yake ina tausaya wa 'ya'yan da za su kalli bidiyon nan gaba su kasa gane uwarsu. Amma bidiyon ƙungiya tarihi ne, da kuɗin jama'a aka yi shi. Mu da ke zaune nesa da gida, da shi ake ganinmu a can, da shi kuma jikoki za su san fuskokin waɗanda suka kafa zaman nan.

Ga yaranmu masu sana'ar, shawarata ita ce a bi tsari. A fara gyara haske da fari, a duba fuska ta dawo yadda ido ya gan ta, sannan in ana son ado a ɗora firiset a rage masa ƙarfi, tunda manhajojin nan suna da wurin ragewa. Ba dole sai ɗari bisa ɗari ba. DaVinci Resolve yana da na kyauta, kuma a cikinsa akwai wani ma'auni mai da'ira da ke da layin launin fata. Baƙi da fari duk kusa da layin nan fatarsu ke faɗawa, duhu da haske ne suka bambanta, saboda haka in fuska ta kauce daga layin ka san ka wuce gona da iri. Wanda ya ƙware ma ya haɗa nasa firiset ɗin a kan fatarmu da rumfunanmu, ya sayar wa 'yan uwansa. Ni ina ganin akwai kasuwa a nan.

A zamanmu na gaba zan gabatar wa shugabanni cewa duk wanda za mu ba aikin bidiyo, a rubuta masa a takarda: zai kawo asalin ɗaukar a faifai ko filashi kafin a cika masa kuɗi, zai nuna mana minti biyu na gwaji kafin ya gama sauran, kuma ba a yarda a haska fatar kowa ba. Kuɗin abin ajiyar ƙungiya ce za ta biya, bai kamata a ɗora wa yaro ba. Rashin wannan sharaɗi tun farko laifina ne, ni na rubuta takardar aikin.

Sannan ina roƙon duk wanda ya ɗauki marigayi da wayarsa a ranar taron, ko daƙiƙa talatin ce, ya turo wa ofis. A turo ta WhatsApp a matsayin fayil, kada a tura ta hanyar bidiyo da aka saba, don kada ta matse, kuma don Allah kada a sa mata filta. Iyalansa suna jira.