Hannun Ɗan Dambe Shi Ne Jarinsa

Dambe ya daɗe da bin 'yan Arewa zuwa Ikko da sauran garuruwan Kudu. Yanzu kuwa kuɗi sun shigo cikinsa, kamfanoni na shirya gasa, ana kallon wasan ta YouTube har ƙasashen waje. Amma akwai tambaya ɗaya da ba a cika yi ba, watau in hannun ɗan wasa ya lalace, wa zai ɗauki nauyinsa?

Zaren da ake naɗewa yana ƙara wa naushi nauyi, amma ba ya sauya halittar ƙashi. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne a jere biyu. Ɗaya daga cikinsu, wanda ke gindin babban yatsa, yakan tsage idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi. Ciwon yakan yi kama da targaɗe, wani lokaci ma hoton farko ba ya nuna tsagar, sai an sake ɗauka bayan mako 2. Jini kaɗan ke isa wannan ƙashi, saboda haka in an ci gaba da wasa ba ya haɗewa. Irin wannan faɗuwa ita ke gocar da gwiwar hannu, ko ta karya sangali.

Babban haɗari kuwa yana wajen ɗori. Idan aka ɗaure karaya tamau, hannu ya kumbura a ciki, jini ya tsaya, cikin sa'o'i kaɗan tsoka za ta fara mutuwa. Yatsu su yi sanyi ko su dena ji, ciwo ya tsananta: wannan alama ce a kwance ɗaurin, a nufi asibiti a ranar. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun sha yanke hannuwa saboda jinkirin haka.

To, da yawa daga cikin 'yan damben nan mahauta ne da 'yan dako da 'yan acaba. Filasta ta mako 6 zuwa 12 tana nufin babu wasa, babu sana'a, babu abin aikawa gida. Shi ya sa suke ɓoye ciwo.

Ya kamata sarakunan dambe da Sarakunan Hausawa su ware wani kaso daga kuɗin ƙofa don jinya, kuma kada a bar mai kumburin hannu ya shiga fili. Asibitin Ƙashi na Igbobi yana nan cikin Ikko, akwai na Inugu, akwai na Dala a Kano. Kuɗin hoto bai kai kuɗin hannu ba.