Koren ganye a taskar tsirrai

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen busasshen zogale a Maraɗi ko garin kuka a Damagaram ya san da ido ake fara ciniki. Wanda aka shanya a inuwa kore ne shar, wanda rana ta gasa kuwa ya koɗe, kuɗinsa ya faɗi. To, wannan damuwa ce ke ga masana ilimin tsirrai, waɗanda ke danne ganye da fure tsakanin takardu, su busar, su liƙa, su adana. Faransawa na kiran irin wannan taska "erbiye". Wadda ke birnin Pari ta ƙunshi tsirrai wajen miliyan 8, har da waɗanda Auguste Chevalier ya tsinko a yankin tabkin Cadi tsakanin 1902 da 1904.

Me ke kashe launi? Koren ganye daga wani sinadari yake, klorofil, mai ɗauke da ƙwayar maganeziyom a tsakiyarsa. In ganye ya daɗe da danshi, tsamin da ke cikinsa sai ya fizge ƙwayar, kore ya koma ruwan ƙasa. Saboda haka kwanakin farko su ne komai: a riƙa canza takardun da suka jiƙa kowace rana, iska ta ratsa, zafi kada ya wuce digiri 45. In ya wuce, an dafa ganyen ke nan. Abin takaici a ƙasarmu, hunturu ne gwanin shanya, amma yawancin ciyayi da damina suke fure, lokacin da ko rigar da aka wanke sai ta kwana ba ta bushe ba.

Akwai masu jiƙa tsiro da barasa kafin su iso gari. Wannan na hana ruɓewa, amma launin ya tafi. Wasu kan tsoma ganye a ruwan sinadarin jan ƙarfe, ya maye gurbin maganeziyom, koren ya zauna daram. A ganina wannan kwalliya ce mai tsada, domin tana lalata abin da masu binciken ƙwayoyin halitta za su nema gobe. Bayan bushewa sai ajiya cikin duhu, a kabad mai rufi. Ƙwari kuma, maimakon gubar da ake shafawa a da, yanzu sanyin firiza na wasu kwanaki ke kashe su.

Wani tsiron ma ba ya jin magani. Ƙudujin da ke cin wake, duk yadda aka lallaɓa shi, baƙi yake komawa. Shi ya sa ma'aikacin gandun daji ko ɗalibin jami'ar Yamai da ya tsinko fure, wajibi ne tun yana tsaye a gona ya rubuta launinsa, da sunan wurin, da kwanan wata, da sunan da manoma ke kiransa, sa'an nan ya ɗauki hoto. Inda gona ta cinye daji, wata rana wannan takarda ce kaɗai za ta shaida cewa tsiron ya taɓa fitowa a wurin, kuma furensa ja ne ko rawaya.