Ciwon da Ba Ya Son Rana, a Ƙasar Rana

'Yan'uwa mazauna Gurda, akwai ciwon da likitocin Sabha ke kira zi'ba hamra, Turawa kuma lupus. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa mai ita: gaɓoɓi, fata, wani lokaci har ƙoda. Ba a ɗaukar sa daga wani. Cikin mutum goma da ya kama, kusan tara mata ne, galibi masu shekarun haihuwa.

Abin da ke damun mu shi ne hukuncin da muke yanke wa waɗannan mata. Yau a gan ta garau, gobe ta kasa tashi daga shimfiɗa, sai uwar miji ta ce son jiki ne, maigida ya fara maganar saki. Alhali haka ciwon yake, ya lafa ya tashi. Hasken rana kuwa yana tayar da shi, mu kuma a Fezzan muke. Wadda ta ƙi fita ta'aziyya da tsakar rana ba girman kai ya hana ta ba. A bar ta ta je bayan magariba.

Ba mu hana ruƙiyya, mu ma da allo muka tashi. Amma a watannin da ake ɓatawa ana neman wanda ya yi jifa, ƙoda na iya lalacewa shiru. Ƙwayar hydroxychloroquine kullum ake shan ta, ko jiki ya yi daɗi, tare da awon fitsari da duba ido. In likita ya ce sai Tarabulus, tafiyar fiye da kilomita 700, to mu yi karo-karon kuɗin mota kamar yadda muke yi wa biki.