Hogeweyk: Unguwar da Aka Gina wa Masu Ciwon Mantuwa

A garin Weesp, kusa da Amsterdam a ƙasar Holan, akwai wata unguwa mai suna Hogeweyk wadda aka buɗe a shekarar 2009. Tana da tituna da dandali da kanti da gidan abinci da zauren wasan kwaikwayo da shagon gyaran gashi. Baƙon da ya shiga ba zai ga abin mamaki ba, sai an gaya masa cewa mazaunanta duka tsofaffi ne da ciwon mantuwa ya yi wa mugun kamu, kuma mai kanti da matar da ke yanka albasa a madafa ma'aikata ne da aka horar a kan kula da su, waɗanda suka ajiye farar rigar asibiti suka sa tufafin gida. Ƙofar shiga da fita ɗaya ce tak, kuma ba a barin ta babu mai tsaro.

Abin da ake kira ciwon mantuwa a yau shi ne Bahaushe ya daɗe yana kira gigin tsufa ko ruɗewa. Sunan na dā yana da illa, domin yana sa a ɗauka cewa duk wanda ya yi tsawon rai sai ya ruɗe, alhali cuta ce mai cin ƙwaƙwalwa, kuma tsofaffi da yawa suna komawa ga Mahaliccinsu da hankalinsu garau. Nau'inta mafi yawa shi ne wanda likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da ita sun haura miliyan 55, kuma ana samun sababbin kamu kusan miliyan 10 a kowace shekara. Har yanzu ba ta da maganin warkewa. Saboda haka tambayar da ke gaban masu jinya ita ce yadda mutum zai ƙarasa kwanakinsa.

Waɗanda suka assasa Hogeweyk, ciki har da Yvonne van Amerongen, ma'aikata ne a wani gidan jinyar tsofaffi irin na gargajiya, mai benaye da dogayen baranda. Tun farkon shekarun 1990 suka tambayi kansu ko za su yarda a ajiye iyayensu a inda suke aiki, suka ga ba za su yarda ba. Unguwar ta fara da gidaje 23 da mazauna 152, daga baya ta kai gidaje 27 da mazauna 188. Kowane gida yana ɗauke da mutum shida ko bakwai, kuma ana haɗa su ne bisa irin rayuwar da suka saba da ita kafin ciwo. A tsarin farko har da gida na waɗanda suka taso a Indonesiya, tsohuwar ƙasar da Holan ta mulka, inda girki da kayan ɗaki suka bi al'adar can. A cikin gida ake dafa abinci, wanda ke da ƙarfi ya taya fere dankali ko ninke wanki, wanda ya ga dama ya fita yawo ba tare da neman izni ba.

Babban zargin da ake yi wa wurin shi ne yaudara. Masu suka suna kwatanta shi da fim ɗin Amurka na 1998, The Truman Show, wanda a cikinsa mutum ya tashi a garin da kowa ɗan wasa ne, shi kaɗai ne bai sani ba. Zargin yana da daɗin faɗi, amma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Kantin Hogeweyk kanti ne na gaske, abin da aka ɗauko daga cikinsa shi ake ci da dare, mai aski kuma aski yake yi. In ana neman yaudara, sai a duba wasu gidajen jinya na Jamus da suka kafa tashar bas ta ƙarya a ƙofarsu, domin tsohon da ya ce zai tafi gida ya zauna jiran motar da ba za ta taɓa zuwa ba, har ya manta abin da ya fito da shi. Wannan dabara ce ta cin moriyar mantuwar mutum. Hogeweyk kuwa tana neman abin da mantuwa ba ta riga ta cinye ba ne, ta jingina rayuwar mutum a kansa.

A nan ne hikimar tsarin take. Ciwon yakan fara da cinye sababbin abubuwa: abin da aka ci da safe, sunan jika, ranar mako. Abin da hannu da ƙafa suka saba yi shekara da shekaru yakan daɗe bai gushe ba. Tsohuwar da ba ta gane ɗiyarta ba tana iya riƙe wuƙa ta fere dankali daidai, tana iya bin waƙar da ta koya tana budurwa ba tare da tuntuɓe ba. Hausawa na cewa sabo turken wawa, amma ga wanda ƙwaƙwalwarsa ke zubewa, sabo ne turken da ya rage masa. Ɗakin asibiti yana tumɓuke wannan turke: farin bango, baƙuwar fuska, abinci a faranti daga madafar da ba a gani, ƙofa a kulle. Sai mutum ya firgita, ya yi ta kai da kawo yana neman hanyar gida, a ce ya tayar da hankali, a ɗura masa maganin kwantar da jiki. Sau da yawa abin da ake kira rigimar majinyaci martani ne ga wurin da aka ajiye shi.

Sukar da ta fi nauyi tana wani wuri dabam, wato kuɗi da katanga. Ginin Hogeweyk ya ci kimanin Yuro miliyan 19, mafi yawansu daga baitulmali, kuma Holan tana da inshorar jinya ta dogon lokaci tun 1968, shi ya sa talaka ma yana iya samun gurbi. Faransa ta kwaikwayi tsarin a garin Dax, inda aka buɗe irin wannan ƙauye a 2020 da kuɗin hukuma, amma mutum 120 kawai yake ɗauka a ƙasar da masu ciwon suka kusa miliyan ɗaya ko fiye. Inda aka bar abin a hannun ƴan kasuwa, sai ya koma na masu hannu da shuni. Katangar kuwa, komai kyan furannin da ke cikinta, shaida ce cewa garin da ke waje bai shirya zama da waɗannan mutane ba. Da mai kantin unguwa da direban bas da ɗan sanda sun san yadda ake magana da ruɗaɗɗen tsoho, da ba a buƙaci a gina masa wani gari na daban ba.

Mai karatu a Damagaram ko Garwa ko zangon Kumasi zai lura cewa yawancin abin da Holan ta saya da miliyoyi yana nan kyauta a gidan gado: tsakar gida, ƙamshin girki, hayaniyar jikoki, kiran salla a kan lokaci, maƙwabcin da zai kamo hannun tsoho ya maido shi gida. Abin da babu shi ne sanin ciwon da kuma hutun mai jinya. A Hogeweyk ma'aikaci yana gama lokacinsa wani ya karɓe shi. A gidan gado kuwa nauyin yakan faɗa kan mace ɗaya, ɗiya ko suruka, dare da rana na tsawon shekaru, ga zargin da tsohuwa za ta yi mata na satar kuɗin da ita da kanta ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma. Idan ta gaji, sai a kulle tsohuwar a ɗaki, ko dangi su fara raɗe-raɗin sammu ko maita, a kwashi kuɗin da ya kamata a kai wa likita a kai wa boka.