Abin da Tromso ke sayarwa, da abin da Birnin Kudu ya ajiye

Daga watan Satumba zuwa Maris, da zarar dare ya yi a Tromso, wani birni a can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe, ƙananan motoci kan yi jerin gwano a bakin otal-otal suna kwasar baƙi. Mutanen sun biya kuɗin jirgi da na masauki, wasu sun sha wahalar neman biza, duk don su tsaya cikin ƙanƙara su ɗaga kai su ga wani haske kore yana kaɗawa a sama kamar labulen da iska ke wasa da shi. A 'yan shekarun nan har ma'aikatanmu masu hali sun fara sa wannan tafiya cikin burinsu, musamman tun bayan daren 10 ga Mayun 2024, lokacin da guguwar rana mafi ƙarfi tun 2003 ta kai hasken har sararin Meziko, hotunansa suka cika Facebook da Instagram.

Asalin abin ba sihiri ba ne. Rana tana watso ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya karkatar da su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke sama da kilomita 100 daga ƙasa, sai iskar ta yi haske. Koren da aka fi gani daga iskar oksijin yake. Ƙarfinsa yana hawa da sauka bisa zagayen rana na kimanin shekara 11, kuma a Oktoban 2024 hukumar NASA ta sanar cewa an kai ƙololuwar zagayen da ake ciki. Tromso tana kusan digiri 70 arewa. Birnin Kudu tana tsakanin 11 da 12. Don haka mai jiran wannan haske a kan Dutsen Habude zai daɗe yana jira.

Amma akwai abin lura a cinikin. Babu kamfanin da ya mallaki hasken, babu kuma wanda zai iya yin alkawarinsa. Gajimare kaɗai ya isa ya ɓata daren. Abin da baƙo ke biya shi ne jagora: mutumin da ya karanta hasashen yanayi tun da rana, ya san kwarin da gajimare ba ya zama, zai iya tuƙi na awoyi har ya tsallaka iyakar Finlan don neman sarari, ya kawo rigunan sanyi, ya hura wuta, ya saita wa baƙo kyamara, sa'annan ya cika lokacin jira da labarin mutanen Sami da barewarsu. A Aislan kamfanoni da yawa kan ba wanda bai dace ba damar sake fita kyauta wani daren. Sun mayar da rashin tabbas ɗin kansa wani ɓangare na hajar.

Birnin Kudu yana da abin da ya fi wannan tabbas. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, cikinsu har da masu dogayen ƙahoni marasa tozo, irin da ba shi ne ke kiwo a wannan ƙasa yau ba. Wanda ya san abin da yake kallo zai gane cewa dutsen yana ba da shaidar wani zamanin kiwo da ya riga na shanun da aka saba gani a kasuwar Sara ta Gwaram. Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Bernard Fagg, Baturen da ya yi aikin kayan tarihi a Jos, ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950, ya kuma nuna alaƙarsu da al'adun aure na garin. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Suna nan rani da damina, gajimare ba ya ɓoye su.

Sai dai zanen da ya kwana ɗaruruwan shekaru ba ya ɗaukar ido da kansa. Baƙon da ya taso daga Kano ya tsaya gabansa ba tare da mai bayani ba zai ga jan tabo a jikin dutse, ya ɗauki hoto, ya koma mota cikin minti goma yana cewa ashe abin ke nan. Laifin ba na dutsen ba ne.

Ga kuma sama. Ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram suna da duhun dare irin wanda Turai ta rasa, har ta koma keɓe wurare na musamman don kare shi. (Gaskiya ne, wani ɓangare na wannan duhun rashin wutar lantarki ne, kuma ba wanda zai roƙi a bar mutane cikinsa don jin daɗin baƙi.) Daga wannan yanki ana ganin tauraron arewa can ƙasa-ƙasa, a wasu watanni kuma a ga taurarin kudu waɗanda mutumin Tromso ba zai taɓa gani daga ƙofar gidansa ba. Sama ɗin tana da sunayenta na gida: Kaza da 'Ya'yanta, Gamzaki, Zara matar wata. Malaman zaure suna riƙe da lissafin taurari 28, kowanne da kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, wanda manoma ke auna shuka da shi. Tsohon da ya san lokacin Zira'a da Nasara da Ɗarfa yana ɗauke da abin da jagoran Norwe ke karɓar kuɗi a kansa. Hazon hunturu shi ne gajimaren nan wurin, kuma sanin cewa sama ta fi washewa bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya yi kauri, aikin jagora ne.

Al'adar gwamnatoci in an ambaci yawon buɗe ido ita ce a fara da siminti: katanga, babbar ƙofa, masaukin da zai tsufa kafin ya ga baƙo. Kuɗin ƙofa ɗaya zai horar da matasa da dama daga garuruwan biyu su san tarihin zanen, su zauna gaban tsofaffi su kwashi sunayen taurari, su koyi taimakon gaggawa, su kuma iya hana baƙo shafa zane ko watsa masa ruwa don hoto ya fito. A ba su shaida, a tsayar da farashi, a sa dagatai da hakimai cikin tsarin, domin fita dare a daji ba ta yiwuwa sai da yardar masu ƙasa da tabbacin tsaro. Za a sami masu ƙyamar abin saboda tsoffin al'adun da ke jingine da duwatsun, kuma amsarsu tana bakin jagoran da ya iya bambanta bayanin tarihi da girmama dutse.

Baƙin farko ma ba daga Turai za su zo ba. Likitocin asibitin tarayya na garin, da tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu masu dawowa taro, da iyalan Kano da Dutse masu neman inda za su kai yara ranar Asabar, sun isa a fara da su. Da yawansu sun bi ta gefen duwatsun nan sau ba adadi a mota.