Matar da ta kashe miji: abin da kotu ke tambaya da abin da ba ta tambaya

A watan Disambar 2012 Babbar Kotun Katsina ta yanke wa Maimuna Abdulmumini hukuncin kisa bisa mutuwar mijinta a wata gobara da aka ce ita ta tayar a 2006. Shekarunta 13 a lokacin. Sai da Kotun ECOWAS ta bayyana a 2014 cewa hukuncin ya tauye haƙƙinta, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke shi a 2015, sannan aka sake ta a 2016.

A Kano, Wasila Tasi'u mai shekara 14 ta gurfana a kotun Gezawa a 2014 bisa zargin zuba maganin ɓera a abincin da ya halaka mijinta da wasu mutum uku. Gwamnatin jihar ta janye tuhumar a 2015. Dukkansu sun tsira da rai, amma ƙarancin shekaru da tsayayyun lauyoyi ne suka cece su. Babu wadda kotu ta wanke saboda abin da ta ce ta gani a ɗakin aure.

Dalilin yana cikin Kundin Penal Code da Arewa ta gada tun 1960. Sashe na 221 ya tanadi kisa ga wanda ya yi kisan kai da gangan, ba tare da bai wa alƙali zaɓi ba. Sashe na 222 na rage laifin idan tunzurawa mai tsanani ta zo ba zato, mutum ya aikata kafin zuciyarsa ta huce. Wannan ma'auni ya fi dacewa da faɗan maza biyu a kasuwa. Matar da ta shekara biyar tana shan duka, ta jira har mai gida ya yi barci, a idon doka ta shirya kisan ne, kuma shekarun nan biyar da wuya su shiga lissafi. Ba kuma kowane iƙirarin cin zarafi ne gaskiya ba. Mamacin ba ya nan balle ya musanta, danginsa ma suna da haƙƙi. Shi ya sa komai ke komawa kan hujja.

A nan matsalar ta fi nauyi ga yankuna irin su Anka, Gummi da Bukkuyum, inda 'yan bindiga suka mayar da zuwa asibiti ko kotu kasada. Wadda ba a yi wa rajistar haihuwa ba, da me za ta tabbatar da cewa ba ta kai shekarun hukuncin kisa ba? Wadda ta kai kuka gida aka ce ta yi haƙuri ta koma, wace takarda za ta nuna wa alƙali?

Abin lura, Zamfara da ta ƙaddamar da Shari'a a 1999 tana bin mazhabar Malikiyya, wadda ta bai wa alƙali ikon raba aure saboda cutarwa, har ta karɓi shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta a kan haka. Ƙofar tana nan a fikihu. Sai dai matar da ke ƙauyen Bukkuyum na buƙatar kuɗin mota, hanyar da ba a tarewa, da waliyyin da zai yarda ya raka ta gaban alƙali kafin a kai ga gawa.