In Ɓera da Sata, Wa Ya Ba Shi Ajiyar Daddawa?

Duk lokacin da aka ta da zancen malaman da ke neman ɗalibansu mata da lalata a manyan makarantunmu, kafin mai magana ya rufe baki sai ka ji wani daga gefe ya gyara zama ya ce, "Ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Daga nan sai a yi dariya, a kaɗa kai, a koma hirar albashi da yajin aiki, kamar dai alƙali ya yanke hukunci kotu ta tashi. A wannan ɗan rubutu ina so in tsaya a kan wannan karin magana, domin a ganina babu wani zance da ya cuci 'ya'yanmu mata a makarantun nan kamarsa. Magabata sun yi shi ne don sasanta tsara biyu waɗanda kowannensu ke da nasa laifi. Amma yau an ɗauko shi an mai da shi garkuwar mai ƙarfi a kan marar ƙarfi, alhali tsakanin malami da ɗalibarsa babu zancen tsara ko kaɗan.

Bari mu auna abin da ke hannun kowannensu. A hannun malami akwai makin gwajin tsakiyar zango da na jarrabawa. Shi ke duba kundin binciken kammala karatu, kuma in ya ga dama ya ajiye babi ɗaya a aljihun tebur wata uku, ba mai tambayarsa dalili. A kwalejin horon malamai shi ke bin ɗaliba har makarantar ƙauyen da aka tura ta gwajin koyarwa, ya zauna bayan aji shi kaɗai, ya rubuta mata abin da ya so. Yana da abokai a sashe, yana da ƙungiya, yana da wanda zai kira a ofishin magatakarda. Ita fa ɗalibar, me ke hannunta? Lambar rajista, da tsoron maimaita kwas, da fuskar iyayen da ta baro a gida.

Waɗannan iyaye mun san su, don a cikinsu muke zaune. Manomin Madakiya ko Kagoro ko Zonkwa da ya tura 'yarsa Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ko Kwalejin Koyon Aikin Jinya, da kuɗin citta da masara da doya ya tura ta. A shekarar 2023, da annobar ruɓewar citta ta cinye gonaki a kudancin Kaduna, gidaje da yawa sun rasa abin da suka dogara da shi wajen biyan kuɗin makaranta. Yarinyar da ta san cewa bashi aka ciwo aka biya mata kuɗin zango, in aka ce mata ko ta zo masauki kaza ranar Asabar ko ta ƙara shekara guda, wane zaɓi aka ba ta? Wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya ya miƙa jakarsa, ba a cewa kyauta ya yi.

Masu kare ɓera sukan ce shigar banza ce ke jawo fitina. Ba na musun cewa makaranta tana da ikon tsara irin suturar da ta dace da harabarta. Sai dai a gaya mini, a wace dokar aiki aka rubuta cewa hukuncin ɗalibar da ta sa matsattsen kaya shi ne malami ya kira ta ɗaki? Kuma me za a ce game da masu dogon hijabi, da matan aure, da 'yan ƙungiyar mawaƙan coci, waɗanda su ma ba su tsira ba? Sukan kuma ce ai wasu 'yan matan su ke kai kansu don neman maki. Haka ne, akwai su. To amma malamin da aka kawo wa irin wannan tayi, aikinsa ya ƙi, ya kai rahoto. In ɗalibi ya kawo cin hancin kuɗi malami ya karɓa, babu mai cewa naira ce ke da wari. Amanar maki malami aka ba, shi ya sa hannu a takardar kama aiki, shi ake biya albashi a kanta, don haka shi za a tambaya.

Kada wani ya ce wannan zance jita-jita ce ta ɗakunan kwanan ɗalibai. A shekarar 2018 aka ji muryar Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a wani faifai, yana cinikin maki da wata ɗalibarsa ta babban digiri. Jami'ar ta kore shi, hukumar ICPC ta gurfanar da shi, kuma a watan Disamba na wannan shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara 2. A watan Oktoba na 2019 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da fim ɗin da 'yar jarida Kiki Mordi da abokan aikinta suka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana, duniya ta ga abin da ofisoshin wasu malamai suka zama. A watan Agusta na 2023 ɗaliban Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a kan shugaban tsangayarsu, har aka dakatar da shi, maganar ta kai kotu.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya da ya haɗa waɗannan labarai uku. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fito ta hanyar da jami'a ta tanada don kai ƙara. Faifai ne, da kyamarar ɓoye, da kwali a bakin ofis. Wato sai da yarinya ta sayar da sunanta da mutuncinta a bainar jama'a kafin hukuma ta motsa. In haka ne, guda nawa ne suka haɗiye abin suka yi shiru, suka karɓi takardar shaida da ciwo a zuci, ko suka tattara kayansu suka koma gida aka ce karatu ne ya gagare su?

Labarin da ya fi kusa da mu kuwa shi ya fi tona asirin tsarin. A watan Oktoba na 2019 wata tsohuwar ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello ta fito ita kaɗai a Kaduna ɗauke da kwali, tana tambayar yadda aka yi malamin da aka sallama daga Zariya bisa irin wannan zargi ya sami aikin koyarwa a Jami'ar Jihar Kaduna. Bayan haka jami'ar ta dakatar da shi, ta kafa kwamitin bincike. Madalla da matakin da aka ɗauka. Amma tambayar da matar nan ta yi ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Tsakanin Zariya da Kaduna tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. In labarin korar malami ba zai iya yin wannan gajeriyar tafiya ba, yaya za a yi ya iso Kafanchan, ko Akwanga, ko Pankshin? Ɓeran da aka kora daga wannan rumbu, muddin ba a yi masa alama ba, rumbun maƙwabci zai faɗa.

Dalilin rashin alamar shi ne abin da muke kira rufin asiri. Haƙiƙa rufin asiri kyakkyawar ɗabi'a ce a wurin Bahaushe da Bajju da Atyap da Ham duka, kuma addinan nan biyu sun yi horo da shi. Amma a makarantunmu an juya shi baibai. Da zarar ƙara ta iso, sai manya su shiga: "Yana da iyali." "Saura masa shekara uku ya yi ritaya." "Kada a ɓata sunan sashe." Sai a kira shi gefe a ba shi shawara ya ajiye aiki da kansa, ya fita da fayil fari fat. Ita kuwa yarinyar, kafin la'asar sunanta ya zaga makaranta, ana nuna ta da baki a ɗakin cin abinci, kuma takardunta na jarrabawa suna hannun abokan wanda ta kai ƙara. An rufa wa mai laifi asiri da zanen da aka tuɓe daga jikin wadda aka zalunta.

A wannan yanki namu akwai wata garkuwa ta biyu da ta fi ta farko haɗari. Ba wanda ya manta cewa rikicin watan Maris na 1987 daga harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya tashi, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Tun daga lokacin kowane shugaban makaranta a nan yake taka-tsantsan da duk abin da zai iya ɗaukar launin addini ko ƙabila, kuma yana da gaskiya. Sai dai mugu ya gane wannan tsoro, ya mai da shi mafaka. In wadda ta kai ƙararsa ba addininsu ɗaya ba, sai ya ruga wurin mutanensa ya ce makirci ne ake ƙulla wa ɗansu. In kuwa addininsu ɗaya ne, sai a taru a kanta a ce kada ta kunyata mu a gaban waɗancan. Ta ko'ina ya tsira. Ina kira ga limamai da fastoci da shugabannin ƙungiyoyin ci gaban ƙabilu da su daina ba da rigunansu aro ga irin wannan mutum. Bai tambayi yarinyar masallaci take zuwa ko coci ba kafin ya kulle ƙofa.

Akwai ƙorafi ɗaya na abokan aiki da ya cancanci a saurare shi, wato tsoron ƙazafi. Lokacin da Majalisar Dattawa ta saurari ra'ayoyin jama'a a 2020 a kan ƙudurin da Sanata Ovie Omo-Agege ya gabatar, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta soke shi, tana cewa an ware malamai ne kaɗai, kuma ana taɓa 'yancin jami'a. Majalisar ta amince da ƙudurin a watan Yuli na 2020, amma wa'adinta ya ƙare a 2023 bai zama doka ba. Ko shakka babu ana iya yi wa malami sharri, kuma wanda ya yi ƙazafi ya cancanci hukunci mai tsanani. Amma maganin ƙazafi shi ne bincike na gaskiya, mai sauri, wanda zai wanke mai gaskiya a fili. Malamin kirki shi ya fi kowa asara a cikin wannan duhu, domin yau an wayi gari duk ɗalibar da ta ci maki mai kyau ana yi mata kallon tuhuma, duk malamin da ya taimaki ɗaliba ana raɗa a bayansa. Game da 'yancin jami'a kuwa, wanda ya ce a bar shi ya share ɗakinsa da kansa, sai a ga tsintsiya a hannunsa.

Ga tsintsiyar, kuma ba ta buƙatar sa hannun Shugaban Ƙasa. Na farko, a raba maki da hannun mutum ɗaya: takardar jarrabawa ta ɗauki lamba kawai, a riƙa duba takardu a taron malaman sashe, kuma kowane ɗalibi ya sami damar neman a sake duba masa takarda a wata makaranta a kan kuɗin da ɗan manomi zai iya biya. Na biyu, kundin bincike da gwajin koyarwa su kasance ƙarƙashin malamai biyu, ganawa kuma a ofis, a lokacin aiki, ƙofa a buɗe. Na uku, a kafa ofishin karɓar ƙara wanda ba ya ƙarƙashin kowane sashe, da mata a cikinsa, da wakilan ɗalibai, da wa'adin kammala bincike a rubuce. Daga ranar da aka kai ƙara a janye duk takardun mai ƙara daga hannun wanda ake zargi, a kuma ɓoye sunanta. Na huɗu, a hana ajiye aiki a tsakiyar bincike, a rubuta dalilin kora ƙarara a takardar sallama, a aika wa hukumomin da ke kula da jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha. Kada a ɗauki kowa aiki sai an tuntuɓi inda ya baro.

In kuwa abin ya kai ga fyaɗe, ko malami ne ya aikata, ko ɗalibi, ko mai gidan haya a cikin gari, to ya wuce hurumin kwamiti da sulhun dattawa. Laifi ne a ƙarƙashin dokar hana cin zarafin jama'a da Jihar Kaduna ta kafa a 2018, da kuma kundin hukunta laifuffuka na jihar wanda aka tsananta a 2020. Wajibi ne tun makon farko a sanar da kowace sabuwar ɗaliba cewa akwai Cibiyar Salama a Kafanchan, wadda aka buɗe domin waɗanda aka yi wa irin wannan ta'asa, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Kowace awa da aka ɓata ana roƙon yarinya ta yi haƙuri, daga lafiyarta da hujjarta ake yankowa.

Ya ku 'yan'uwana malamai, masu wannan aika-aika 'yan kaɗan ne a cikinmu, amma ba su ɓoyu ba. Ɗalibai sun san su, masinjoji sun san su, masu gadi sun san motocinsu. Abin da ke raya su shi ne shirun masu mutunci. Ku kuma ɗalibai, maza da mata, ku riƙa ajiye saƙonnin waya, ku rubuta rana da lokaci, ku raka juna ofis, kuma ku daina yi wa wadda ta yi ƙarfin halin magana dariya, domin ƙofar da ta toshe yau ita ce za a tura ƙanwarku gobe.

Daga yanzu duk wanda ya sake jefo mana karin maganar ɓera da daddawa, mu tambaye shi: wa ya ba ɓera ajiyar, wa ya gan shi yana ci ya kau da kai, kuma wa ya rubuta masa takardar shaidar kyawun hali zuwa rumbu na gaba? Iyaye sun kawo mana 'ya'yansu amana, kuma za a tambaye mu a kanta, a nan duniya da gobe kiyama. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.